Tantin Tekna a Kaina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da safiyar Talatar da na kusa kashe auren mutane na shekara talatin da hannuna, ina sanye da kwat da karabat ɗaure a wuya, ina kuma ji a raina cewa aikin lada nake yi.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Buza, haifaffen Madawa, tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa. Kowa Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu da Faransanci. Ina da wani hali da mahaifiyata ta yi fama da shi har ta gaji: idan na ji an danne wani, jikina har rawa yake yi, kuma ba na tsayawa in ji ƙarshen magana. Ban daina wannan hali ba, ba kuma ni da niyyar dainawa. Abin da na rage kawai shi ne saurin hannu, kuma yanzu za ku ji dalili.

A wannan bazarar labari ya iso mana cewa wasu Buzaye makiyaya da ke zaune a bayan wani dutse, gaba da Allakaye idan ka nufi wajen Keita, suna gab da rasa rijiyarsu. Kakanninsu ne suka haƙa ta tun ba a san kwalta ba a ƙasar Adar. Sai ga wani Alhaji mai fataucin albasa ya zo da takarda, wai fili ne da ba kowa a kansa. Ya kafa ƙarafa, ya zagaye rijiyar da waya, ya ajiye mai gadi. Matan zangon suka koma kora jakuna zuwa wata rijiyar mai nisan tafiyar awa biyu, ƙananan awaki suna faɗuwa a hanya. An kai ƙara, aka ce kwamitin da ke duba rigingimun filaye zai zo ranar Talata ya gani da idonsa. Idan kwamitin ya yarda cewa ba kowa a wurin, rijiya ta tafi ke nan, mutanen kuma sai su nemi inda za su nufa da dabbobinsu.

Ba wanda ya kira ni. Ni na kira kaina, na kuma jawo abokin aikina Illa, malamin lissafi, saboda yana da babur (shi ya ce saboda yana da hankali ne, amma babur ɗin ne). Muka isa ranar Litinin da la'asar. Babban zangon, Agali, ya tarye mu. Dogon dattijo ne, rawaninsa ya rufe komai sai idanu, maganarsa kuma kamar yana auna ta da cokali. Shi ya kai ƙarar, shi ya san iyakokin wurin da tarihin rijiyar, shi kwamitin zai saurara. Ya dafa mana shayi, na zayyana masa shirye-shiryena, har na nuna masa jawabin da na rubuta mai shafi huɗu. Ya saurare ni har na ƙare, sannan ya ce:

"Mushe, kun zaka, mun gode. Gobe ku zamna tare da mu, su gane ba mu kaɗai muke ba. Shi ke nan."

Zama kawai. Ni da na taso tun daga Buza da kwat a cikin leda, a ce in zauna. Na ce masa to, amma a raina na ce dattijon nan bai san yadda ake fama da mutanen takarda ba.

Da sassafe Agali ya hau raƙuminsa ya tafi ɗauko mai garin ƙauyen Hausawa da ke kusa, wanda zai ba da shaida. Matarsa Tekna da sauran mata suka kora jakuna neman ruwa. Samari suka fita da dabbobi. Ni kuma na saka kwat, na ɗaura karabat, na tafi bakin rijiya na tsaya daidai inda motar kwamitin za ta tsaya, na duba gabas da yamma da idon baƙo. Ba a ganin zangon daga nan ko kaɗan, duk tantunan suna bayan dutse. Abu ɗaya ake hangowa, ɗan ƙaramin tantin wata tsohuwa a gindin aduwa, wadda ƙafafunta suka daina kai ta nesa. Mahaifiyar Tekna ce. Na ce wa kaina: mutanen nan za su sauko daga mota, su ga fili fetal da tsohuwa ɗaya, su ce Alhaji ya yi gaskiya.

A nan dabara ta zo mini, irin wadda ke zo wa mutum da ƙarfi har ya ji kamar wahayi. Tantin Agali shi ne mafi girma da kyau a zangon, na jar fata, da turaku masu sassaƙa. Idan muka ɗauko shi muka kafa kusa da na tsohuwar, duk wanda ya sauko daga mota zai ga gida, gida na gaske.

Illa ya ce, "Ba mu bari masu shi su dawo mu tambaya?"

Na ce, "Kahin su dawo kwamiti ya zo ya wuce. Wa za mu tambaya yanzu, awaki?"

Muka tare wani mai amalanken jaki da ya fito neman itace. Ya kalle ni, ya kalli tantin, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ga karabat ya fasa (na lura tun daga ranar cewa karabat na hana mutane gaya maka gaskiya). Muka tuge turaku, muka naɗe fatar, muka kwashe asabarin da ke kewaye tantin, da gado mai ƙafafun sassaƙa, da ƙorai, da jakunkunan fata. Amalanke ya cika. Abin da ya rage a wurin shi ne sirdin raƙumi, da takobi, da butar shayi da kofunanta. Na ce a bar su, ba su da amfani a gaban kwamiti, ma dawo mu ɗauka. Ku riƙe wannan a ranku.

Da muka sauke kayan a gindin aduwa, tsohuwar ta leƙo. Ta daɗe tana kallon fatar, sannan ta tambaye ni da ƴar Hausarta:

"Tekna tac ce a kawo nan?"

Ga inda ba ni da wata kariya. Ina sauri, rana na yi, ba na son dogon bayani. Na ce, "Awo, Inna, ta sani."

Tsohuwar ta dafe baki, hawaye suka zubo mata. Ta matsar da tabarmarta, ta nuna mana wuri dab da nata. Na taɓa Illa na ce, "Ka gani? Kukan daɗi takai." Mai amalanke kuwa ko sallama bai yi ba, ya bugi jakinsa ya yi gaba.

Awa biyu muka yi muna kafa tantin nan. Da muka gama ya lotsa a tsakiya kamar tsohuwar katifa, gefe ɗaya na jan ƙasa. Na ja baya na dube shi, na ce ba laifi.

Can sai na hango Agali ya ɓullo ta bayan dutse, mai gari na biye da shi a kan jaki. Na hau wani ɗan tudu don in ga murnarsa. Ya gurfanar da raƙumi a inda gidansa yake da safe. Ya tsaya. Ya dubi sirdi da takobi da buta a ƙasa. Ya zagayo kaɗan, ya hango jan tanti a gefen na surukarsa. Bai kira kowa ba, bai tambayi kowa ba. Ya ja rawaninsa sama har idanun ma da kyar ake gani, ya tattara kayan nan uku, ya ja raƙuminsa ya hau dutse, ya zauna a can ƙoli ya juya wa zangon baya. Ni kuwa ina ɗaga masa hannu ina murmushi.

Ana haka motoci biyu suka iso, ta kwamiti da ta Alhaji. Shugaban kwamitin mutum ne mai furfura da tabarau, ba ya da alamar wasa. Sakatarensa kuma, don Allah ya cika mini ranar, wani tsohon ɗalibina ne da na sha rubuta wa a takardar jarrabawa cewa ya riƙa karanta tambaya kafin ya ba da amsa. Ban ko fito da jawabina ba Alhaji ya nufi tantin kai tsaye, ya zagaya shi, ya shuri ƙasar gindin turke da takalminsa.

"Ranka shi daɗe, dubi nan. Sabuwar ƙasa. Ga sawun amalanke ko iska bai share ba. Yau da sahe anka kahwa wanga abu don a ruɗe ku. Na hwaɗa maku ba kowa nan, masu wucewa ne."

Shugaban ya duƙa ya duba, ya miƙe, ya ce ina mai ƙara. Mai gari, wanda ya iso yana haki, ya nuna ƙolin dutse da haɓarsa. Sakatare ya fara rubutu. A lokacin ne na soma jin cewa wani abu ya lalace, amma ban san girmansa ba tukuna.

Sai ga mata sun dawo da jakuna, jarkoki na rangaji. Tekna na gaba, doguwa, cikin baƙin mayafi. Ta tsaya cak. Uwarta ta rarrafo ta kama hannunta tana kuka, suka yi magana da Buzanci, gajeriya. Sannan Tekna ta juyo, ta yi tambaya da Hausa don kowa ya ji, ba tare da ta ɗaga murya ba:

"Wa yat taɓa mini ɗaki?"

Illa ya ja da baya taku biyu (har yau yana musu, amma na ga sawunsa). Ni kuwa, malami mai shekara goma sha biyu a aji, na ɗaga yatsa ɗaya sama kamar ɗan aji ɗaya mai neman izinin fita fitsari.

Mai gari ya kama hannun kwat ɗina, ya yi mini bayani a gaban kwamiti, da Alhaji, da direbobi, da mata, da jakuna.

"Mushe, kai da ka karantar da ɗiyan mutane, wanga ba ka san shi ba? Wurin mutanen ga ɗaki na mace ne. Uwatta ka ba ta shi ranar aure, namiji baƙo ne ciki. Ran da mace tat tada ɗakinta tak kai shi gehen na uwatta, tab bar ma miji sirdinai da takobinai bisa ƙasa, aure ya mutu. Ba a ko magana. Kuma Buzu ba shi tsayawa gaban surukatai balle shi tambayi ba'asi. Ka sakam mashi mata, Mushe, shi bai sani ba, ita ba ta sani ba."

Na sha jin mutane na cewa sun so ƙasa ta tsage su shige. Ni ban so haka ba, rijiyar na kalla, na ga waya ta hana. Wani direba ya fashe da dariya ya shige bayan mota. Tsohuwar da na yi wa ƙarya tana kallona, kuma wannan kallon ya fi mini komai ciwo, domin awa biyu ta yi tana makokin auren ƴarta saboda ni.

Amma akwai abin da ya fi kunyata muhimmanci, sakatare na rubuta cewa mutanen nan sun shirya yaudara. Na matsa gaban shugaban, na ce:

"Ranka shi daɗe, Alhaji ya hwaɗi gaskiya, yau anka kahwa shi. Amma ba su sunka kahwa ba, ni ne, ba da saninsu ba. Wautata ce. In za a rubuta, a rubuta da sunana."

Tsohon ɗalibina ya ɗago ya tambaye ni, cikin ladabi ƙwarai, yadda ake rubuta sunan nawa, alhali ya sani sarai. Shugaban ya duba agogo ya ce suna da wani zama a Buza bayan azahar. Idan mai ƙara bai sauko ba kafin nan, za su rubuta abin da suka gani su tafi.

Na ce bari in hau dutse in yi wa Agali bayani. Tekna ta ce:

"Ba shi sabkowa da magana. Da ido yag gani, da ido za shi gani. Yadda kak kawo shi, haka za ka maishe shi."

Na waiga neman amalanke. Ai mai amalanke ya fi ni hankali, ya daɗe da kaiwa gida. Matan suka taru, suka kwance abin da muka yi awa biyu muna ɗaurawa kafin in gama cire karabat, suka naɗe fatar suka ɗora mini a ka. Ban taɓa sanin nauyin gidan mutum ba sai ranar. Fata ce ta awaki da yawa da aka ɗinke, an shafe ta da man shanu da jar ƙasa, zafin rana ya narkar da man yana bin wuyana yana shiga kwat. Akwai gajeriyar hanya ta gindin dutse, amma Tekna ta nuna mini doguwa, wadda ta bi ta tsakiyar fili, inda mai zaune a ƙoli ba zai iya cewa bai gani ba. Illa na biye da ni da turaku a kafaɗa, yana karanto mini duk wuraren da ya ce mu tambaya.

Sawu uku na yi. A na biyu, ina ɗauke da gado, na bi ta gaban motar Alhaji. Yana zaune a inuwa yana shan ruwan sanyi. Ya ce:

"Mushe, in lakwal ta ƙi, ina neman ƴan dako kasuwar albasa."

Aka yi dariya. Na tsaya da gadon a kaina. Ban shirya amsar ba, ba ta cikin shafi huɗun nan, daga cikin haushi ta fito. Na ce:

"Alhaji, na ɗauki abin da ba nawa ba, ga ni ina maishe shi gaban kowa. Saura kai."

Dariyar ta tsaya. Shugaban kwamitin ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Na ci gaba da tafiya, kuma wallahi daga nan gadon ya rage nauyi.

Da na sauke kaya na ƙarshe, matan suka mayar da kowane turke cikin raminsa na asali, tanti ya miƙe tsaf kamar ba a taɓa shi ba. Tekna ta shiga, ta fito da garwashi, ta ajiye a bakin ƙofa inda ake dafa shayi, ta zauna. Ba ta kalli dutse ba ko sau ɗaya. Mu ne duka muka zuba masa ido. Aka daɗe. Sannan raƙumin ya miƙe.

Agali ya sauko, ya ajiye sirdi da takobi da buta a cikin tanti, ya wuce ni kamar bai ga mutum ba, ya ja raƙuminsa har bakin rijiya. Ya nemi mai gadi ya buɗe waya. Ya share ƙasar da ta rufe wani dutse a bakin rijiyar, sai ga wata alama an sassaƙa a jikinsa, ta tsufa har ta yi sulɓi. Ya juyo da wuyan raƙumin, ya nuna lalas ɗin gidansu, tambarin da suke yi wa dabbobinsu da wuta. Alama ɗaya ce. Ya kai su makabartarsu a bayan dutse, ya faɗi sunan kowane kabari. Mai gari ya rantse cewa tun yana yaro yake ganin mutanen nan a wurin. Kwamitin ya zagaya zangon, ya ga tokar murhu da kashin awaki na shekara da shekaru, abin da da ma za su gani ko ban taɓa komai ba.

Ba ranar aka ƙare magana ba, takardu sun ci watanni. Amma ranar shugaban ya ce a cire waya, dabbobi su sha ruwa kafin a yanke hukunci, kuma ba a sake mayar da ita ba har yau. Na nemi izini (ku lura, na nemi izini) na tuge ƙarfe biyu da hannuna.

Da la'asar Agali ya aiko a kira ni. Na tafi da jan wuya da kwat da ta tashi daga aiki. Ya zuba mini shayi, muka sha na farko da na biyu. A na uku ya ce:

"Mushe, da nis san rijiya za ta tahi, na iya sabkowa in yi magana. Da nig ga ɗakin ga ya tashi, ƙahwahuna sunka ƙi. Shekara talatin ban san haka ba, sai yau." Ya miƙo mini kofi. "Kada ka ƙara."

Daga cikin tanti na ji Tekna ta yi wata ƴar dariya. Daga nan na wuce gindin aduwa na durƙusa na roƙi tsohuwa gafarar ƙaryar da na yi mata. Ta yafe, bayan ta bar ni a durƙushe na wani lokaci.

Labarin ya riga ni isa Buza. Har yanzu akwai masu ce mini alƙalin Buzaye, akwai masu tambayata ko ina karɓar aikin raba aure ranar Talata. Wasu kuma cewa suke yi abin da ke samun mai shiga sharo ba shanu ke nan, da na zauna a gida da ban ji kunya ba. To, su ci gaba da zama. Na ji kunya, na ɗauke ta a ka sawu uku, kuma idan gobe aka sake zagaye rijiyar wani da waya, da ni za a je. Abin da na koya kawai shi ne, idan mutanen da ka je taya wa tsayuwa suka ce ka zauna, sun san abin da suke faɗa, kuma zaman ma aiki ne.

Ina komawa zangon duk hutu. Da zarar an hango ni, Tekna kan fito da kanta ta tare ni tun daga nesa da ƙatuwar ƙwaryar nono cike fal, ta ce in riƙe da hannu biyu, kada in ajiye sai na zauna. Na daɗe ina faɗa wa mutane irin girman da ake ba ni a wurin. Illa ne ya gaji ya ce mini in lura da kyau, shi ƙaramin kofi ake ba shi. Ni kaɗai ake cika wa hannuwa kafin in iso kusa da tanti.